Alkama Mai Azumi

Asabar, da hantsi

Sanyi ya tafi bai yi mana sallama ba. Bara war haka da mayafi biyu nake sauka garka, yau kuwa ban kai bakin rijiya ba gumi ya jiƙa mini baya. Alkama ba ta son haka, kowa a kwarin Tarka ya sani. Yanzu ta fitar da kai, yanzu take neman sanyin da za ta zuba ƙwaya a cikinsa, sai ga rana kamar mun shiga bazara.

Wannan littafi na ɗalibaina ne, matan da nake koya wa karatu da yamma. Na rufe ajin sai yadda hali ya yi, na ɗauki ɗaya da ba a fara rubutu a ciki ba. Mutum yana son inda zai zube magana. Da can Malam, maigidana, nake zuba wa, yana gyaran igiyar guga yana cewa "uhm, Halimatu, uhm," ko ya ji ko bai ji ba. Tun ranar Alhamis ɗin nan ba ya cewa uhm.

Ba zan rubuta Alhamis ba. Alkama zan rubuta.

Jar alkamarsa ce, irin da mahaifiyarsa ta sauko da shi daga Abzin a cikin gora. Gajera ce, ba ta da kyan gani, amma wanda ya ci taliyarta sau ɗaya ya raina ta kanti har abada. Dokar gidan nan ita ce ba a juye gora duka a ƙasa, ana rage ko cikin tafin hannu ne saboda ɓacin rana. Bana Malam ya karya dokar. Girbin bara bai yi auki ba, abin da ya saura da ƙyar ya ishi fangali shida, ga Zuhaira kuma ta zo tana roƙo. Ya juye mata duka. Goran yana nan rataye a ɗakinsa, wayam. Iyakar sanina, duk jar alkamar da ta rage tana tsaye a fangali shidan nan.

Lahadi, bayan azahar

Malam ya sha kunu, kaɗan.

Zuhaira 'yar ƙanensa ce, marigayi Jibrin. Tana karatun noma a Damagaram, wannan ce shekararta ta ƙarshe, kuma da alkamar Malam za ta rubuta babban aikin da zai fitar da ita. Yarinya ce siririya, ba ta da surutu, amma in ta kafe a kan abu sai dai ka gaji ka bar ta. Kullum da sanyin safiya tana garka da ɗan almakashi da akwatin ƙanƙara. Ta yanki ganyen da ke ƙarƙashin kan alkama, ta naɗe, ta sa a ƙanƙara kamar mai ajiye nama. Ƙanƙarar ma sai ta hau kabu-kabu har Belbeji take samo ta.

Ga abin da ta yi wa alkamar mutane. Fangali uku ta kafa musu sanda mai farin tsumma, waɗannan suna shan ruwa son ransu. Uku ta kafa musu mai jan tsumma, waɗannan tun suna ƙanana sai sun yi laushi sun sunkuyar da kai take ba su, shi ma rabin sha. Ni na raɗa musu suna, 'yan gata da masu azumi. 'Yan gata sun yi tsawo, kore shar, abin sha'awa. Masu azumi kuwa ko gwiwata ba su wuce ba, ganyen ya murɗe, ya yi wani duhu-duhu. Malam ya yarda da wannan aiki tun farko, har dariya ya riƙa yi. Ni ban taɓa yarda ba.

Talata, da la'asar

Yau mun yi da ita.

Na ɗauko ruwa zan wuce, sai na ga na bakin hanya cikin masu azumi ya kwanta rabi. A garinmu ba a wuce mai ƙishi da ruwa a hannu, ko jakin baƙo ne. Na karkata bokiti ke nan na ji an riƙe shi ta baya.

"Inna, don Allah."

Na ce, "Ke Zuhaira, ba ki da tausayi ne? Abu yana mutuwa a gabanki kina rubutu?"

Ta ce, "Ba mutuwa yake ba, Inna. Aiki yake."

Na ce wane aiki ne kwanciya? Sai ta zaunar da ni a kan kunya, ita da na yi wa tsarki tana jaririya, ta yi mini karatu. Ta ce in rana ta yi zafi kuma ruwa ya yanke, akwai wani abu da yake tashi a cikin ganye yana cin sa daga ciki, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Shuka ba ta da ƙafar guduwa inuwa, don haka ita take haɗa wa kanta maganin da zai kashe wannan tsatsa. Ta faɗi sunansa da Faransanci, ban riƙe ba, ni maganin tsatsa zan ce. Abin da take son sani shi ne ko ƙishi yana sa jar alkama ta ƙara haɗa maganin, da kuma inda ƙarfinta yake tsayawa. Don akwai iyaka, in ji ta. In wuya ta wuce kima, maganin ma ƙarewa yake, ganye ya ƙone.

Na ce, "To wa ya gaya miki inda iyakar take?"

Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini. Shi ya sa nake kwana ina tashi da su."

Na tafi da bokitina ina ƙunƙuni. Amma gaskiya ta burge ni. Ban taɓa ganin mai hana ruwa da irin wannan kulawa ba, ta san kowane fangali kamar yadda na san muryoyin ɗalibaina.

Laraba, da safe

Bai sha ba. Ya juya fuska bango.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Igiyar rijiya ba ta kai ba sai da aka ƙulla mata wata. Abin da guga ke fitowa da shi rabi ruwa rabi laka.

Makiyaya sun sauko daga arewa tun lokacinsu bai yi ba, tafkunan can sun ƙafe. Raƙuma da awaki sun cika kwari, suna tsaye a rana suna jiran layi, ba ko kuka. Maza sun zauna a ƙofar mai gari sun yanke abin da kowa ya san za a yanke: mutum ya sha, dabba ta sha, abin da ya rage na garka ne. Ba wanda ya yi musu, haka muka tarar. Daga gobe kowace garka rabonta ba zai kai rabin na da ba.

Attahir ya zo. Buzu ne, abokin Malam tun suna samari. Duk shekara bayan girbi shi yake sa dabbobinsa a karan garkarmu, su ci su bar mana taki, ya kawo mana cuku. Bai ji labari ba sai a bakin rijiya. Ya shiga ɗakin, na ji yana cewa, "Almustafa, ni ne. Tashi mana, wa zai yi mini gardama?" Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ja rawaninsa har idanu, bai karɓi shayin da na sa aka dafa ba.

Asabar, da hantsi

Yau na ga abin mamaki, bari in rubuta tun ban manta ba.

Zuhaira ta kira ni ɗakinta ta rufe taga, wai abin ba ya son haske. Ta fito da wata baƙar kwalba, ruwan ciki launin shunin rawanin Buzaye, mai ɗan ja-ja. Ta zuba a ƙananan kwalabe biyu. Ta riga ta daka ganye a ɗan turminta na dutse ta tace, na 'yan gata daban, na masu azumi daban. Ta ɗiga wannan a nan, wancan a can, ta ce in zuba ido.

Na 'yan gata ya ɗan dushe ya tsaya. Na masu azumi kuwa, ina kallo, shunin ya riƙa guduwa har ruwan ya koma rawaya. Na ce, "La ilaha illallahu!" Ta yi dariya, karon farko da na ji dariya a gidan nan tun ranar. Ta ce gwargwadon yawan maganin tsatsa a ganye, gwargwadon yadda yake cinye shunin. Ta ce wannan gwajin ido ne kawai, ainihin awon sai a makaranta da na'ura, amma duk makon nan haka yake fitowa.

Ashe waɗannan gajeru masu murɗaɗɗen ganye da nake tausayi, su ne suka cika rumbunsu. Na fita na tsaya a kansu ina jin kunya kamar na raina baƙo sannan aka gaya mini ko wane ne.

Ya sha kunu. Na ba shi labarin shunin. Idonsa yana kaina har na gama.

Litinin, bayan azahar

Rabon ruwanmu na yau fangali uku ya isa, da ƙyar. Haka zai kasance har girbi. Dole a bar uku.

Ni ban ga abin shawara ba. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san mai ƙarfi ake ceta. 'Yan gata ga kai manya, ga tsawo, su ne za su cika gora. Maƙwabcinmu Adamu ma da ya leƙo ta kan shinge haka ya ce. Kuma ita kanta Zuhaira, aikinta haka yake so: masu farin tsumma su ci gaba da sha, masu ja su ci gaba da ƙishi har ƙarshe, ta auna ta rubuta ta wuce abinta. Sau ɗaya dai ni da karatun boko mun hau layi ɗaya.

Sai ta ce a'a.

Ta ce, "Inna, 'yan gata ba su taɓa ganin wuya ba. Ganyensu faɗi ne, ruwan da suke bukata a wannan zafi ba mu da shi, ko mun juye musu rabonmu duka. Zafin nan in ya ƙara kwana biyu za su sha kuma su ƙone. Masu azumi sun saba da kaɗan, maganinsu a cike yake, amma sun kusa iyakarsu. In aka ba su yanzu za su zuba ƙwaya. In aka hana su, mun rasa duka shida."

Na ce, "Kin tabbata?"

Ta ce, "Ban tabbata ba. Abin da na gani na faɗa miki."

Nan raina ya ɓaci. Na ce iri na kakarki za ki yi caca da shi a kan ruwan kwalba? Na ce mutumin yana kwance ba ya iya ce miki komai, shi ya sa kike yadda kika ga dama? Bai kamata in faɗi wannan ba. Ta sunkuyar da kai, ta bar ni na gama.

Sannan na tuna. Na ce, "To aikinki fa? In kika shayar da masu ja kika bar masu fari, me za ki kai makaranta?"

Ta ce, "Babu."

Talata, da sassafe

Na ji ta a bayan ɗaki tana waya da malaminta, da Faransanci. Ban ji duka ba, amma na ji inda muryarta ta karye ta kuma gyaru. Da ta shigo na tambaye ta. Ta ce mutumin kirki ne, bai yi faɗa ba, amma gwajin da aka juya a tsakiya ba gwaji ba ne. Sai baɗi, in ta sake shukawa. Ƙawayenta za su fita bana su bar ta.

Na ce, "Zuhaira, shekara guda fa."

Ta ce, "Shekara tana dawowa, Inna. Irin Baba in ya tafi ina zan samo shi? Ni na sa ya juye goran."

Muka sauka garka tare. Ta bi sandunan ɗaya bayan ɗaya ta kwance tsummokin, fari da ja, ta cusa a aljihu. Ta miƙo mini bokiti ta ce, "Ga shi, tun yaushe kike so." Ni na fara zuba wa na bakin hanya. Ƙasar ta shanye kafin in miƙe.

Ban yarda da ita duka ba har yanzu. Amma wadda ta ajiye shekararta a kan magana, ta fi ni haƙƙin a bi maganarta.

Alhamis

Ba na son wannan rana. Zafi.

Asabar, da la'asar

Iska mai zafi tun hantsi, kamar an buɗe bakin tanda. Ko kaji sun yi shiru.

'Yan gata suna kallona. Na daina bi ta gefensu.

Attahir ya zo da jaki ɗauke da salka biyu. Na ce na mene ne? Ya ce rabon raƙumansa ne na yau, raƙumi yana iya haƙuri, ya ji an ce alkamar Almustafa tana bakin rai. Na ce ai doka ta ce dabba kafin garka. Ya ce, "Dabbar tawa ce, Halimatu. Karan garkar nan suka ci suka girma." Zuhaira ta karɓa da hannu biyu, ta jira har rana ta yi sanyi kafin ta zuba, a gindi, a hankali, ko ɗigo bai taɓa ganye ba.

Litinin, da safe

Ya sha kunu. Ya riƙe ludayin da hagu, ya zubar da rabi, ya hana ni karɓa.

Laraba, bayan azahar

'Yan gata sun yi fari. Na murza kai ɗaya a tafin hannu na hura, ƙaiƙayi ne kawai ya tashi. Adamu ya leƙo ya ce da an ba su ruwa da ba haka ba. Na kusa yarda da shi, sai na dubi tasa garkar. Shi duk rabonsa ya juye wa tasa alkamar, doguwa fara irin ta kasuwa, bai fasa ko rana ɗaya ba, ga ta nan ita ma ta yi fari fat. Na ƙyale shi, mutum ne mai iyali kuma asara ce ta same shi.

Masu azumi suna nan. Ba su yi kyau ba, ba su taɓa yin kyau ba. Ganyen ƙasa ya bushe, amma na sama, wanda Zuhaira take yanka da, yana nan kore, a murɗe da rana, a buɗe da yamma. Ta ce shi ne yake ciyar da ƙwaya, in ya kai mako guda a haka mun tsira. Ta daina yankan sa. Almakashin yana kan taga, akwatin ƙanƙara kuma na ga ta zuba albasa a ciki.

Juma'a, da hantsi

Jiya sai da aka kira ma'aikacin lafiya daga Belbeji. Ya zo, ya duba, ya yi magana da ni a zaure. Na ji abin da ya ce.

Zuhaira ce ta yi ban ruwa ita kaɗai, ta dawo ta dafa abinci, ta wanke abin da ake wankewa ba tare da na ce ba. Hannunta duk ya faffashe. Yarinyar da ta zo da littattafai. Da yamma na tarar da ita zaune a bakin gadonsa tana gaya masa, "Baba, sun fara tauri. Na latsa da farce, madarar ta kama." Wallahi ina son yarinyar nan. Ban taɓa faɗa mata ba, nan ma yau na fara rubutawa.

Lahadi

Ya sha. Ganyen yana nan.

Talata

Ganyen yana nan.

Alhamis, da la'asar

Sun yi ja. Yau Alhamis ce kuma ban ƙi ta ba.

Asabar, bayan azahar

Mun yanke da safe, ni da ita da Attahir, da lauje biyu da wuƙarsa. Ba abin da za a kira girbi ba ne, a kan tabarma ɗaya muka sussuke. Ƙwayoyin ƙanana ne, wasu a motse, ja wur fiye da yadda na saba gani. Babu ta taliya bana, ko ta ɗanɗano. Zuhaira ta zauna ta tsince masu cika ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a goran. Ya wuce rabi.

Ta ce kada in yi murna tukuna, ƙwayar da ta sha wuya wani lokaci ba ta tsira. Ta jera kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma, wannan jan tsumman na sanda, ta rufe da ƙwarya ta ajiye a gindin randa.

Laraba, da hantsi

Ta ɗaga ƙwaryar a gabana. Kusan duka sun fito da farar saiwa. Na zauna a ƙasa na yi kuka son raina, ta bar ni.

A gidan nan iri ba ya zama iri sai mai gida ya ciza. Haka mahaifiyarsa take yi, haka yake yi duk shekara: ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori, in ta ce ƙas ta bushe ta isa ajiya, sai ya toshe goran ya miƙa wa wanda zai rataye. Tun da aka kawo ni gidan nan ni yake miƙa wa.

Muka shiga. Attahir ya tallafe shi ya zaunar. Na sa masa ƙwaya a tafin hagu, ya daɗe yana kallonta, ya kai baki da kansa, ta gefen bakin da har yanzu yake masa aiki. Na ga muƙamuƙinsa yana neman hanya.

Ƙas.

Attahir ya ce, "Allahu akbar." Na ɗora masa goran a cinya, ya toshe shi da hagu, da ƙyar, bai yarda a taya shi ba. Na miƙa hannu kamar kullum. Ya dube ni, irin kallon da yake mini in zai yi abin da ya san zan yi ƙorafi. Sannan ya tura goran a kan bargo, ya wuce hannuna, har ya taɓa gwiwar Zuhaira.

Ba zan ɓoye ba, wani abu ya soke ni. Bai daɗe ba. Ta kalle ni a tsorace ta ce, "Inna, ai naki ne." Na ce, "Ɗauki, ke kika yi azumin."

Ta rungume goran. Ta ce, "Baba, baɗi zan sake gwajin. Amma rabi zan shuka, rabi yana nan a rataye."

Ya ce, "Uhm."